Shekara Talatin a Kan Sitiyari: Nazarin Rayuwar Wani Direban Babbar Mota

Bayan rasuwar mahaifinmu da 'yan makonni, yaron motarsa ya yi sallama riƙe da wata tsohuwar jaka. Ya durƙusa ya ajiye ta gaban mahaifiyarmu, ya ce, "Umma, kayan Maigida ne. A bayan kujera na same su." Da aka zazzage jakar sai ga tocila, da ma'aunin iskar taya, da wata kwalbar magani, da tarin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta an ɗaure da roba, bangon kowanne ya sha bakin mai. Ni ne babba a gidan, don haka ni aka miƙa wa littattafan. Na fi wata guda ina bin su shafi-shafi da dare bayan kowa ya kwanta.

Duk wanda ya zo mana ta'aziyya magana biyu yake yi: Baba mutum ne mai neman na kansa, kuma shekara talatin da ɗoriya yana jan tirela bai taɓa buge kowa ba. Duka gaskiya ne. Sai dai yabon bai faɗa mini yadda aka yi hakan ta yiwu ba, bai kuma faɗa mini yadda mutumin da hanya ta kasa ci aikin ya biyo masa ta wata ƙofar ba. Amsar tana cikin littattafan nan, da abin da Umma da yaron motar suka ƙara mini daga baya.

Abin da yake rubutawa

Kowane shafi tsarinsa ɗaya. Kwanan wata a sama, sai kilomitar da mota ta nuna, nauyin kaya, man da aka sha, ranar juyen bakin mai, tayar da aka sauya da ɓangaren da take, lokacin tashi da lokacin tsayawa. Babu inda ya rubuta cewa ya gaji, babu inda ya ce yana kewar gida. Mu a bangon baya kawai muke fitowa: sunayenmu a jere, gaban kowane suna lambar takalmi. In ƙafa ta girma sai ya soke tsohuwar lamba ya rubuta sabuwa a gefe. Daga littafi zuwa littafi ina kallon ƙafata tana girma da rubutun hannunsa, abin da ban taɓa sanin yana rubutawa ba.

Da yaron mota ya fara, kamar yawancin direbobin zamaninsa. Ya yi shekaru yana sa waigi, yana ɗaure tamfol, yana kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kaya, kafin ubangidansa ya yarda ya taɓa sitiyari. A nan ya ɗauko ɗabi'ar da bai bari ba har ranar da ya daina tuƙi, wato zagayen safe. Na gani da idona sau ɗaya, lokacin da ya yarda na bi shi tafiya a wani dogon hutu ina ɗan shekara goma sha biyar. Kafin gari ya waye ya sauko da tocila da guntun ƙarfe. Yana bin tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, yana kasa kunne, wadda sautinta bai gamshe shi ba ya ɗora mata ma'auni. Ya leƙa ƙarƙashin injin ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Ya girgiza igiyoyin kaya. Sannan ya tsuguna wajen tankunan iska ya ja wata 'yar waya, iska ta fita da ƙara tana feso ruwa.

Na tambaye shi wannan fa. Ya ce birkin babbar mota da iska yake aiki. Injin ne ke juya kwamfiresa, ita ke cika tankuna, iskar ce ke matse birki in an taka. Iskar da aka matse kuwa tana tara ruwa a gindin tanki, ruwan nan yana cin ƙarfe yana lalata bututu da bawul, don haka dole a zubar. Da ya tada mota bai sa giya ba sai da allurar iska ta hau inda take tsayawa. Minti nawa ne duka, amma a lokacin gani nake ɓata lokaci ne, don wasu motocin tuni sun bar wurin.

A ranar muka iso wata doguwar gangara. Tun kafin mu fara sauka ya rage gudu ya koma ƙaramar giya, motar tana gurnani tana tafiya kamar ba ta so. Ya ce da ni, "Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka." Wata tirela ta wuce mu da gudu, ta bar mana ƙaurin birki a hanci. Baba bai ce komai ba, kai kawai ya girgiza. Sai da na girma na gane lissafin. Tirelar da aka yi wa cikakken lodi takan kai tan 40, ƙaramar mota kuwa ba ta cika wuce tan ɗaya da rabi ba. Duk wannan nauyin in yana gangarowa, birki zafi yake mayar da shi. Direban da ya ɗora ƙafa bai ɗaga ba, ƙarfen birkin yakan yi zafi ya buɗa har ya daina kamawa, a taka a ji wayam. Ƙaramar giya tana sa injin ya riƙe motar, birki ya huta ya jira ranar da za a neme shi da gaske.

Daren da ya ƙi tashi

A littafi na tsakiya akwai shafin da ya fita daban. Bayan kwanan wata da nauyin kaya, kalma uku ce kawai: "Na tsaya. Barci." Daga nan shafuka suka tsallake wata huɗu babu ko layi ɗaya. Na tuna watannin nan sarai, domin su ne lokacin da Baba ya fi daɗewa a gida, su ne kuma lokacin da gidan ya fi shiga matsi. Ba a taɓa gaya mana dalili ba. Yaron motar, wanda a lokacin sabon shiga ne, shi ya ba ni labarin.

Tun asuba suka shiga layin lodi, ba a gama ɗora musu kaya ba sai bayan faɗuwar rana. Wunin nan gaba ɗaya Baba bai runtsa ba, domin duk wanda ya bar wajen motarsa layi ya wuce shi. Wannan jira ba ya shiga lissafin kowa, a wurin mai kaya aiki yana farawa ne sa'ad da taya ta fara juyawa. Suka kama hanya. Wajen ƙarfe ɗayan dare Baba ya tambayi yaron ko sun wuce wata gada. Yaron ya ce tun ɗazu. Baba ya yi shiru, ya kunna sigina, ya sami fili ya faka. Ya ce mutumin da ya wuce gada bai san ya wuce ba, ba shi ke tuƙi ba.

Ba a jima ba waya ta shigo daga wakilin kamfanin da yake ja wa mota. Ana jiran kayan kafin gari ya waye, in sun makara akwai tara, kuma akwai direbobi birjik masu neman wannan makullin. Yaron ya ce har yau yana jin amsar a kunnensa: "Ranka ya daɗe, motar taku ce, kayan ma naku ne. Amma idon da ke kallon hanya nawa ne, kuma ya daina gani. In na kwanta awa huɗu zan kawo muku kayanku cif. In na tashi yanzu, ban san wanda zai kawo muku labari ba." Ya kashe waya ya kwanta. Da hantsi suka sauke kaya ba abin da ya taɓa su. Da yamma aka karɓi makulli.

Abin da Baba ya ji a jikinsa daren nan masana sun auna shi. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka buga a mujallar Nature a 1997, ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa daidai da na wanda ke da kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jini, adadin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Baba ya kusa awa ashirin a daren. Akwai kuma gyangyaɗin da ke ɗauke mutum na 'yan daƙiƙu, wani lokaci ido a buɗe. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, ke nan gyangyaɗin daƙiƙa huɗu mita 100 ne ba direba. Tsakanin tsakar dare da asuba kuwa shi ne lokacin da jikin ɗan Adam ya fi neman barci, ko da ya sha abin hana barci.

Dokoki ma ba su bar maganar ba. Tun 1979 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 153, wadda ta ce kada direba ya yi tuƙi fiye da awa 4 a jere ba hutu, kada ya wuce awa 9 a rana ko 48 a mako, sai dai ƙasashe ƙalilan ne suka amince da ita. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta sa awa 9 a rana da hutun minti 45 bayan awa 4 da rabi, da na'ura a cikin mota mai naɗar lokacin. A Amurka awa 11 ne, bayan hutun awa 10 a jere. Baba bai taɓa karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, amma da na bi lokutan tashi da tsayawa a littattafansa, na ga da wuya ya yi nisa da waɗannan iyakoki. Matsalar ita ce inda ake biyan direba da yawan zuwa ko yawan kilomita, duk awar da ya kwanta ragi ce a aljihunsa, kuma mai gudu shi ake ganin ƙwazonsa. A irin wannan tsari, wanda ya tsaya shi ke biyan kuɗin lafiyar sauran masu bin hanya daga aljihunsa. Baba ya biya da wata huɗu, mu ma mun biya tare da shi, kuma a ganina babu abin da ya yi a rayuwarsa ta tuƙi da ya kai wannan daren daraja.

Umma ta ce a watannin nan bai taɓa cewa da na sani ba. Kullum da safe zai yi wanka ya fita neman wata motar, ya dawo da yamma ya zauna yana duba mana aikin makaranta. Ita ta riƙe gidan da ɗinkin da take yi, har wani mai mota da ya ji labarin abin da ya faru ya aiko a kira shi. Da wannan mutumin ya zauna har ƙarshe.

Gida

Ba zan ɓoye ba, mun tashi muna jin haushin motar nan. Biyu daga cikinmu an haife su yana kan hanya. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta kujerarsa ba kowa. Umma ce uwa, ita ce uba, ita ke kai mara lafiya asibiti cikin dare. In ya dawo, ranar farko ba tamu ba ce, ta barci ce, ana hana mu ko gudu a tsakar gida. Rana ta biyu yake zama namu: ya gyara ƙofar da ta lalace, ya auna ƙafafunmu da tafin hannu, ya zauna da Umma ya zube mata abin da ya samo ba tare da ya ware komai a gefe ba. Da waya ta samu, duk inda yake sai ya kira da dare, tambayarsa ɗaya ce, "Kowa ya shigo?" In an ce e, sai ya ce to a rufe ƙofa.

Barcin nan na ranar farko yana da wani abu da muka saba da shi har muka daina ji. Minsharinsa yana cika gida, sai can ya ɗauke ɗif kamar numfashi ya tsaya, sannan ya dawo da shaƙewa. Mun ɗauka gajiya ce. Yanzu na san likitoci suna da suna ga wannan ɗaukewar numfashi cikin barci, ta yawaita a tsakanin direbobin manyan motoci, tana hana barci ƙosar da mutum, tana kuma tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jini. Shekaru muna jin alamar ta bayan bango.

Abin da bai rubuta ba

Tun 1953 wani likitan Birtaniya, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na Landan da kwandastocinsu, ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobin da ke zaune wuni guda fiye da kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala. Wurin aiki ɗaya, mota ɗaya, bambancin zama ne. Direban doguwar tafiya ya tara wannan zaman da wasu abubuwan: abincin hanya mai yawan gishiri da maiƙo, barci a gutsure, jijjigar kujera da ke cin baya, hayaƙin dizal, da fargabar lokaci da ba ta sauka. Baba ya yi ƙiba a shekarunsa na ƙarshe, yana yawan riƙe ƙeya, yana cewa rana ce.

An gano hawan jininsa ne ba shiri, ranar da ya raka Umma asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ce shi ma ya miƙo hannu. Awon ya haura 140/90, adadin da daga shi ake cewa jini ya hau, nesa ba kusa ba. Aka rubuta masa magani aka ce kullum, ba fashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Baba ya fita daga wannan rukunin a ranar, amma ya faɗa wani, na waɗanda suka sani suke sha suna bari.

Dalilinsa na bari shi ya fi tsaya mini a rai, domin ba sakaci ba ne irin wanda ake zato. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin irin mai sa yawan fitsari ne. Mai ƙaramar mota zai iya tsayawa ko'ina, mai tirela kuwa sai ya nemi fili mai faɗi, mai ƙarfin ƙasa, wanda ba a kwana yake ba kuma ba a fargabar ɓarayi. Sai ya yanke wa kansa hukunci: a gida zai sha, a hanya zai bari. Mutumin da a wata guda kwanansa a gida bai fi a ƙirga da yatsu ba. Da ya koma ya faɗa wa likita, akwai wasu magungunan hawan jinin da ba sa yin haka, da an sauya masa. Bai koma ba. Komawa asibiti wuni guda ne, wuni guda kuma lodi ne. Ƙari a kan haka yana tsoron a ce ba shi da lafiyar tuƙi, labari ya kai kunnen masu mota, a ajiye shi alhali ƙananan cikinmu ba su gama makaranta ba.

A littafi na ƙarshe akwai wani gajeren layi kamar wancan: "Hannu. Yaro ya ja." Da na nuna wa yaron motar sai ya sunkuyar da kai. Ya ce da safe ne suna shirin tashi, makulli ya suɓuce daga hannun Baba, ya sunkuya ya ɗauka hannun ya ƙi. Bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa ta yi nauyi. Kafin minti goma komai ya washe. Yaron ya ce, "Maigida, mu je asibiti." Baba ya ce kwanciya ce ya yi a kan hannun. Amma ya miƙa masa makulli ya koma kujerar gefe, ya ce yau kai za ka ja, kuma kada Umma ta ji.

Na daɗe a kan wannan layin. Ya san abin ba ƙarami ba ne, in ba haka ba da bai bar sitiyari ba. Ya yi tunanin mutanen da ke kan hanya, ya cire su daga haɗari nan take, kamar yadda ya yi daren gada. Kansa ne kawai bai sa a lissafin ba. Irin wannan shanyewar da ke zuwa ta wuce cikin mintuna gargaɗi ce cewa babba na iya biyowa, kuma a lokacin ne magani ya fi amfani. Mutumin da in ya ji sabon sauti a injin ba ya ƙara kilomita ɗaya sai bakanike ya duba, jikinsa ya yi masa magana da babbar murya ya ce a bari sai an dawo.

Bayan 'yan watanni babbar ta zo, a filin lodi, yana tsaye yana kallon ana ɗaure tamfol. Waɗanda ke wurin sun ɗauka jiri ne, suka kwantar da shi a inuwa suna yi masa fifita suna jiran ya farfaɗo. Shanyewar jiki irin ta toshewar jijiya tana da allurar narkar da gudan jini, amma galibi cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Kafin a yanke shawara, a sami mota, a isa inda ake da kayan aiki, lokacin ya wuce. Ya yi kwanaki yana jinya ba magana, yana bin mu da ido. Allah ya jiƙansa.

Na sha tambayar kaina laifin wa. Tsarin da ke sa ranar asibiti ta zama ranar asara yana da kasonsa. Masu motar da ke bin ranar juyen mai a rubuce amma ba su taɓa tambayar yaushe direba ya auna jini ba suna da nasu. Baba yana da nasa, domin ya ɓoye. Yaron motar yana ɗora wa kansa, na ce masa ya sauke, umarnin ubangida ya bi. Mu ma na gida muna da namu, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Kullum ya kira tambayarmu yaushe zai dawo. Ban tuna ranar da ɗayanmu ya ce, Baba, ka sha magani yau?

Kwalbar da ta fito daga jakar na zazzage ta a tafin hannuna na ƙirga. Bisa ranar da ke jikin takardar, ya kamata ta ƙare tun da daɗewa. Fiye da rabi na nan.

Yaron motar yanzu shi ke jan wannan tirelar. Ya roƙi Umma ta bar masa ma'aunin iskar taya, ta ba shi, ta haɗa masa da na'urar awon jini da ta sa na sayo, ta ce ya ajiye su wuri ɗaya. Littattafan suna wurina, ban da bangon baya na na ƙarshe, wanda Umma ta yanke ta adana saboda lambobin takalman, har da na jikokinsa biyu da ya fara sakawa a ƙasa. Shafin ƙarshe da ya rubuta yana nan da kwanan wata, da nauyin kaya, da lokacin shiga layi. Gurbin lokacin tashi ba komai. A ƙasa ya ja layi ya rubuta kilomitar da za a yi juyen mai na gaba, ya ƙara da cewa tayar baya ta hagu ta fara cinyewa, a duba ta in an dawo.